Yadda zaka saka kamfanonin siminti, ƙarfe, taki da zinare cikin jarinka ba tare da da-na-sani ba

Akwai wani kawuna da ya taɓa samun kuɗin sallama daga aiki, ya duba ya ga kullum farashin siminti hawa yake yi, sai yace ai ga inda kuɗi yake, ya sayi buhu ɗari da wani abu ya jibge a wani shago da ke bayan gidansa da niyyar in ya ƙara tsada ya fitar. Lissafinsa daidai ne fa, simintin ya ƙara tsada kamar yadda ya hango. Abin da bai lissafa ba shi ne damina. Shagon ba daɓe mai kyau, bai sa katako a ƙasa ba, danshi ya riƙa tasowa a hankali, ranar da aka buɗe layin ƙasa gaba ɗaya ya zama dutse, kana ɗaga buhu takardar ta yage ta bar maka curi mai siffar buhu. Har yau guda biyu suna nan a ƙofar gidan ana zama a kai ana alwala.

Na kawo wannan ne saboda duk lokacin da wani yace min yana so ya saka kuɗi a "kayan da ba a daina buƙatarsu", siminti ko rodi ko taki ko zinare, kawun nan nake tunawa. Tunanin ba laifi, amma akwai hanyar shiga wadda bata buƙatar shago, wato sayen hannun jarin kamfanonin da suke haƙowa ko sarrafa kayan. Ita ma tana da nata danshin, shi nake so mu yi magana a kai.

Da farko me ake nufi da wannan ɓangare. A 1999 kamfanonin MSCI da S&P suka fito da wani tsari na rarraba kamfanonin da ke kasuwar hannun jari gida-gida, yanzu gidajen 11 ne, akwai na bankuna, na fasaha, na lafiya, na makamashi da sauransu. Ɗaya daga ciki shi ne gidan ɗanyen kaya, kuma a cikinsa akwai masu haƙar ma'adinai da narka ƙarfe, masu sinadarai (nan taki da fenti da iskar masana'antu suke), masu kayan gini irin siminti da tsakuwa, masu kwali da kwalba da gwangwani, sai masu katako da takarda. Man fetur da gas da kwal na wuta basa ciki, suna gidan makamashi, mutane da yawa suna haɗe su. A kasuwar Legas kuma, NGX, zaka tarar da kamfanonin siminti an sa su ƙarƙashin kayan masana'antu, sunan ne kawai ya bambanta.

Toh kafin ka sayi komai, ka fara ɗauko takarda ka rubuta abin da kake da shi yanzu. Wannan matakin shi ne wanda kowa yake tsallakewa kuma a ganina ya fi duk sauran muhimmanci. In kana da wani asusun haɗaka na hannun jarin Najeriya, ko kwandon nan na Lotus Halal (kwando shi ne ka sayi abu ɗaya a ciki akwai kamfanoni da yawa), wallahi akwai siminti a ciki tun tuni kuma ba kaɗan ba, domin Dangote Cement da BUA Cement suna cikin manyan kamfanonin kasuwar, kuma tunda kwandon halal baya ɗaukar bankunan ruwa da kamfanonin giya sai nauyin ya ƙara komawa kan irin su siminti da sadarwa. Kaga in ka je ka ƙara sayen siminti a kai, baka rarraba komai ba, ka ƙara tara ƙwai ne a kwando ɗaya kana ganin kamar ka yi dabara. Akasin haka in kuɗinka yana cikin kwandon manyan kamfanonin Amurka 500, ɗanyen kaya a can bai kai kashi 3 cikin ɗari ba, kamfanonin fasaha sun cinye wurin, a nan ƙarawa tana da ma'ana.

Kuma kar ka tsaya kan takardun kasuwa kaɗai. Me kake yi kake cin abinci? Wanda yake da shagon kayan gini a Ƙofar Ruwa, ko yake da gidan bulo, ko tifa yake da ita yana kai yashi, rayuwarsa gaba ɗaya ta riga ta rataya a kan gini. Shekarar da gini ya tsaya shagonsa zai yi sanyi, hannun jarin simintinsa ma zai yi sanyi, duka a lokaci guda, lokacin da ya fi buƙatar wani abu ya tallafe shi. Shi wannan ni zan ce ya nemi wani gidan daban. Manomi kuwa nasa a juye yake, shi mai sayen taki ne, in yuriya ta yi tsada shi ke kuka, toh in yana da ɗan hannu a kamfanin taki ranar da yake kuka a gona yana ɗan murmushi a waya. An ga haka a 2022 bayan Rasha ta shiga Yukiren a watan Fabrairu, taki ya yi tashin gwauron zabi a duniya, kamfanoni irin su Nutrien na Kanada da Mosaic da CF Industries na Amurka suka ci ribar da basu saba gani ba. Sannan ka lissafa sarƙa da awarwaron da ke cikin akwatin uwargida, eh nata ne ba naka ba, amma dai gidan yana da zinare, a san da shi.

Yanzu nawa zaka saka. Ni ra'ayina tsakanin kashi 5 zuwa 10 na abin da ka ware don jari, kuma in yanzu kake farawa ka tsaya a 5. Dalili shi ne wannan gida yana da hali irin na kasuwar hatsi, akwai kaka akwai bazara, sai dai nasa zagayen shekaru yake ɗauka ba watanni ba. In farashi ya hau kowa sai ya ruga buɗe sabuwar mahaƙa, mahaƙa kuma ba rijiya bace, tana iya cin shekara goma ko fiye kafin ta fara fitar da kaya, toh sai duk su gama kusan lokaci ɗaya kaya ya cika kasuwa farashi ya faɗi warwas, a daina zuba jari, bayan wasu shekaru kaya ya yi ƙaranci a sake komawa farko. Dubi tama, wadda ake narkawa a yi ƙarfe. A 2011 tan ɗaya ya kusa dala 190 saboda Sin tana gina birane kamar ba gobe, zuwa Disambar 2015 ya faɗo ƙasa da dala 40. A wannan shekarar kamfanonin haƙar ma'adinai Glencore da Anglo American, manya ne fa ba ƙanana ba, suka dakatar da rabon riba ga masu hannun jari. Ko litiyam na batirin mota mai lantarki, a ƙarshen 2022 kowa maganarsa yake, daga nan zuwa 2024 farashin ya zube da fiye da kashi 80. Ni kaina na ɗan ɗanɗana wannan, na sayi wani kamfanin litiyam ana tsakiyar hayaniya don kar a bar ni a baya, ban ma san a wace ƙasa mahaƙarsa take ba, Allah ya taimake ni kuɗin ba yawa.

Ka yi lissafi da kanka. A ce jarinka duka naira miliyan 2 ne, kashi 5 shi ne 100,000. In ya faɗi rabi ka rasa 50,000, zaka ji zafi amma zaka yi barci. In kuwa 800,000 ka zuba ya faɗi rabi, nan ne mutum zai fara sayarwa cikin firgici a daidai ƙasan rami.

Abu na gaba da ya kamata ya zauna maka a kai, kamfani daban kaya daban. Mutane suna cewa zinare zai hau bari in sayi kamfanin zinare, kamar abu ɗaya ne. Ba ɗaya bane. Ɗauki misali, lambobin nawa ne don a gane: kamfani yana kashe dala 1,400 kafin ya fitar da oza ɗaya, yana sayarwa 2,000, ribarsa 600. Zinare ya hau kashi 20 ya koma 2,400, ribarsa ta zama 1,000, wato ta ƙaru da kusan kashi 67. Daɗi ko? Toh juya shi, zinare ya sauka kashi 20 ya koma 1,600, riba ta koma 200, kashi biyu cikin uku sun tafi. Shi ya sa hannun jarin masu haƙa yake tsalle fiye da kayan da kansa, sama da ƙasa. Ga kuma abubuwan da zasu iya faɗa wa kamfani waɗanda ba ruwan zinare ko jan ƙarfe da su. A Janairun 2019 madatsar laka ta kamfanin Vale ta ɓalle a Brumadinho ta ƙasar Barazil, mutum 270 suka rasu, bayan rayukan kamfanin ya shiga biyan diyya ta biliyoyin daloli. A ƙarshen 2023 aka rufe babbar mahaƙar jan ƙarfe ta First Quantum a Panama bayan zanga-zanga da hukuncin kotu, hannun jarin kamfanin ya rikito cikin makonni kaɗan. Nan kusa da mu a Mali, rikici da gwamnati ya sa Barrick ya dakatar da aiki a Loulo-Gounkoto a farkon 2025, a shekarar da zinare yake ta kafa tarihi, ya wuce dala 3,000 a watan Maris ya wuce 4,000 a Oktoba. Mahaƙa ba a ɗaukarta a gudu da ita, inda Allah ya ajiye ta nan take, duk gwamnatin da ta zo sai ka zauna da ita.

Saboda haka ga mai farawa hanya mafi sauƙi ita ce kwando, abin da ake kira ETF, ka sayi abu ɗaya a ciki akwai kamfanoni da yawa. A Amurka akwai XLB da aka buɗe tun 1998, akwai VAW na Vanguard wanda ya fi shi yawan kamfanoni, kuɗin kulawarsu a shekara wajen kashi 0.1 ne, ba komai. Amma dan Allah ka buɗe ka ga abin da ke ciki kafin ka danna saye, domin da yawa suna sayen XLB suna zaton ma'adinai suka saya. Babban abin da ke ciki shi ne Linde, kamfanin da ke sayar da iskar oksijin da naitirojin ga asibitoci da masana'antu, wanda ya haɗe da Praxair a 2018, sai irin su Sherwin-Williams mai fenti da Ecolab mai sinadaran tsafta. Masu haƙa irin su Freeport-McMoRan da Newmont suna nan amma ba su suka fi yawa ba. Wannan ba aibu bane, hasali ma kamfanin iska yana ƙulla yarjejeniya ta shekaru da masu saye, kuɗinsa yana shigowa a natse, shi ya sa kwandon baya hauka sosai. Amma in jan ƙarfe ko tama kake nema toh ba nan bane, sai ka nemi kwandon masu haƙa na duniya wanda yake ɗauke da BHP da Rio Tinto da Vale da Glencore, in zinare ne akwai GDX na masu haƙarsa, shi kuɗin kulawarsa ya kai wajen rabin kashi ɗaya.

Daga Najeriya ana sayen waɗannan ta manhajoji irin su Bamboo da Trove, ka dai tabbatar wanda zaka yi amfani da shi yana da rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari, ka shiga shafin hukumar ka duba da idonka kar ka dogara da abin da aka turo a guruf. Abu biyu ka sani. Ɗaya, Amurka tana cire kashi 30 daga rabon ribar da za a biya ka tunda babu yarjejeniyar haraji tsakaninta da Najeriya, a gida kuwa kashi 10 ake cirewa. Biyu, kuɗinka ya koma dala, wanda ya shiga kafin Yunin 2023 lokacin da dala take wajen naira 460 a hukumance ya ci riba ko da kwandon bai motsa ba, don a 2024 ta wuce 1,500, amma fa wannan wuƙar baki biyu gare ta, in naira ta farfaɗo kai ne a ƙasa.

In a gida kake so ka tsaya, zaɓin bai da yawa kuma kusan duk siminti ne. Dangote Cement ya shiga kasuwa a 2010, yana da masana'antu a Obajana ta Kogi da Ibese da Gboko da Okpella, da wasu a ƙasashen Afirka da dama. BUA Cement ya shiga a Janairun 2020 bayan haɗe simintin Sakkwato da na Obu. Sai Lafarge Africa mai Ashaka ta Gombe, wanda Holcim ta sayar da kasonta a cikinsa ga Huaxin na ƙasar Sin. Bayansu akwai ƙanana masu fenti irin su CAP da Berger Paints, da Beta Glass mai kwalba. Masana'antar takin Dangote ta Lekki da aka buɗe a 2022 mai iya fitar da tan miliyan 3 na yuriya a shekara, ita da kamfanin simintin ba abu ɗaya bane, sayen wannan baya baka hannu a waccan, na sha jin ana wannan kuskuren. Zaka buɗe asusu wurin dillalin hannun jari mai lasisi, a baka lambar CSCS, wato ta asusun da ake ajiye hannun jarinka, ka cike takardar da za a riƙa turo maka rabon riba kai tsaye banki, kar ka bar wannan na ƙarshen, kuɗin mutane da yawa suna can kwance ba a karɓa ba saboda shi.

Siminti yana da wani hali da ya bambanta shi da jan ƙarfe ko zinare. Kaya ne mai nauyi mai araha, ɗaukarsa zuwa nesa yana cinye riba, saboda haka farashinsa na gida ne ba na Landan ba, kuma kamfanoni uku ne suke riƙe da kusan kasuwar duka. Wannan yana yi wa mai hannun jari daɗi, mai gini kuma ya sha kuka, in kai ne duka biyun sai ka rasa wanne zaka yi. Abin da zaka sa wa ido shi ne kuɗin wuta, don tanderun siminti yana cin gas da kwal ba wasa, sai bashin dala in kamfanin yana da shi, sai kuma ka sani cewa a manyan biyun nan masu kamfanin ne suke riƙe da mafi rinjayen hannun jari, abin da yake yawo a kasuwa kaɗan ne, kai ɗan rakiya ne ba mai faɗa a ji ba. Zinare kuma akwai NewGold a NGX tun 2011, shi ba kamfanin haƙa bane, takarda ce da take bin farashin zinaren da aka ajiye a rumbu. 'Yan uwa na Gana suna da AngloGold Ashanti mai Obuasi a kasuwar Akara.

In ka nace sai ka zaɓi kamfani ɗaya da kanka, toh ga tarkon da ya fi kama masu ɗan ilimi, ba ma jahilai ba. An koya mana cewa in farashin hannun jari ya yi ƙasa idan aka gwada shi da ribar kamfani, ya yi araha. A wannan gidan sau da yawa abin a juye yake. Lokacin da kaya yake ƙololuwar tsada riba tana kumbura, sai ka ga kamfani ana sayar da shi ninki 4 ko 5 na ribarsa, ga rabon riba mai tsoka, kace banza ta faɗi. Ashe kasuwa ta riga ta hango ribar ba mai ɗorewa bace. Lokacin da kamfanin yake asara kowa yana zaginsa, jaridu sun daina maganarsa, sau da yawa nan ne kusa da ƙasa. Don haka abin dubawa shi ne nawa yake kashewa ya fitar da tan ɗaya idan aka kwatanta da abokan gasarsa, da kuma nawa ne bashinsa. Mai arahar haƙa marar bashi zai iya jure shekara uku na fari, mai bashi kuwa banki zai zo masa tun a shekarar farko. Sannan ka riƙa leƙa labarin Sin ko da sau ɗaya a wata, ita kaɗai tana narka fiye da rabin ƙarfen duniya kuma tana shanye wajen rabin jan ƙarfe, in gine-gine suka tsaya a can sai an ji a Ostareliya da Barazil da Zambiya.

Maganar halal, tunda na san za a tambaya. Sana'ar kanta ba matsala, siminti da ƙarfe da taki ne, inda ake samun cikas shi ne bashin ruwa, don waɗannan kamfanoni ne masu cin jari mai nauyi. Ma'aunin AAOIFI, hukumar da take tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci, da ake yawan bi yace bashi mai ruwa kar ya wuce kashi 30 na darajar kamfanin a kasuwa, kuɗin shiga marar tsafta kuma kar ya wuce kashi 5, shi ma a fitar da shi a bayar. Kwanduna irin XLB ba a tace su ba, in wannan ya dame ka sai ka bi kamfani ɗaya-ɗaya ko ka nemi kwandon da aka tace. Kuma ka lura tunda da darajar kasuwa ake aunawa, kamfanin da ya tsallake bana zai iya faɗuwa baɗi kawai don farashinsa ya sauka. Zinare yana da nasa hukuncin na hannu da hannu, wannan da zakka ka zauna da malamin da ya san harkar kasuwa. Cinikin alƙawarin kaya na gaba, da waɗannan manhajojin da zasu baka ninki 50 ko 100 na kuɗinka ka yi caca kan farashin zinare, ni ban ma sa su a lissafi ba. A Maris 2022 farashin tan ɗaya na ƙarfen nikel ya wuce dala 100,000 a kasuwar ƙarafa ta Landan cikin sa'o'i har aka rufe cinikin, manya masu kwamfutoci ma sun rasa inda zasu sa kansu balle ni da kai.

Wurin saye kar ka zuba gaba ɗaya. Wannan 100,000 ɗin raba ta biyar ko goma, duk wata in albashi ya shigo ko an yi ciniki ka sayi kaso ɗaya, a rana ɗaya da ka tsayar, ko kasuwa ta yi ja ko ta yi kore. Ka dai duba kuɗin dillali kar gutsuren ya yi ƙanƙanta har caji ya cinye shi.

Sai na ƙarshe wanda shi ne yake sa duk abin ya yi aiki, daidaitawa sau ɗaya a shekara. Ka zaɓi lokacin da baka mantawa, ni bayan ƙaramar Sallah nake yi don lokacin ne nake lissafin komai nawa. A ce 100,000 ɗin nan ta zama 180,000, jarinka duka kuma ya koma miliyan 2.2, kaga ɗanyen kaya ya haura kashi 8. Kashi 5 na miliyan 2.2 shi ne 110,000, toh sai ka sayar da na 70,000 ka mayar sukuk, wato takardun jari na Musulunci marasa ruwa, ko wani gidan da ya yi baya. Zuciya zata ce maka haba, abu yana tafiya zaka yanke shi? Yanke. In kuma faɗuwa ya yi ya koma 60,000, ka fara duba ko wani abu ya lalace a kamfanin ne ko kuwa zagayen kasuwa ne kawai, in kwando ne ma wannan tambayar da sauƙi, sai ka cika shi ya koma kashi 5 ɗinsa. Wannan ɗin ya fi wuya, hannu har rawa yake yi wurin dannawa, shi ya sa nake rubuta kason da ranar a bangon littafin da nake lissafi tun ranar da na fara saye, in lokacin ya zo in buɗe in bi abin da na rubuta sanda hankalina yake kwance.